Ruwan da Na Bari Ya Sha Iska

Shekara goma sha biyu ke nan cif da rasuwar mijina, Dakta Bitrus, malamin jami'a mai binciken ƙasa da ruwan da ke kwance a ƙarƙashinta. Kusan duk shekara wani daga cikin abokan aikinsa yakan roƙe ni in rubuta wani abu a kansa, ni kuma sai in ce aikin makaranta ya sha mini kai. Da na yi ritaya sai na koma cewa idona ne ya yi rauni. Duk ƙarya ce, idona ras yake, har yau ni nake sa wa allurata zare. Abin da ya hana ni shi ne ba zan iya zama in jera yabon mutumin nan a jarida ba, alhali na san da hannuna na ɓata masa aikinsa na ƙarshe, na kuma rufe bakina har aka kai shi makwancinsa. Bana dai abin ya fito, kuma tun da ya fito gara masu karatu su ji daga bakina.

Sunana Saratu. Shekara talatin da ɗoriya ina koyar da 'yan aji huɗu a firamare. Ni da Dakta duk daga kudancin Borno muke, aiki ne ya kawo mu Maiduguri, muka yi gida a Gomari tun unguwar tana bakin gari, lokacin da in jirgi ya tashi sai tagogin gida su yi ta rawa. Hausa ba ita muka sha a nono ba, a kasuwa da coci muka tsince ta, kuma a nan ne Dakta ya jawo wa kansa sunan da ya bi shi har kabari. Muna sabbin zuwa maƙwabciyarmu Hajja Falmata ta shigo yi mana wushe, wato sannu da zuwa irin ta Barebari, ta tambaye shi aikinsa. Shi kuma cikin ladabi ya ce mata yana bin rijiyoyi ne yana kama iskokin da ke cikin ruwa. Nufinsa iska iri-iri. Hajja ta ja mayafinta ta miƙe ba ta ko taɓa shayin da na kawo mata ba. Kafin mako ya zagayo har an kawo masa wata mata da ake cewa ta gamu da su a gindin tsamiya. Na yi dariya har cikina ya ƙulle, shi kuwa ya yi ta bayani yana gumi. Daga ranar ya zama Dakta mai iskoki, kuma daga baya shi da kansa yake faɗa wa baƙi haka.

Abin da yake nufi ba wani abu ne mai wuya ba, in dai shi ne ya yi maka bayani. Da kwalbar lemo ya koya mini. Ya ce in lemo yana da sanyi yakan riƙe iskarsa, in ya yi zafi sai ya sake ta. To haka ruwan sama yake. In ya sauka ya nutse cikin ƙasa yakan tafi da 'yar iskar ranar, kuma gwargwadon sanyin ƙasar gwargwadon abin da zai ɗauka. A cikin iskar nan akwai wasu iri da ba sa haɗuwa da komai, ba sa tsatsa, ba sa ruɓewa, ba ruwansu da kowa. Masu ji da kai yake kiransu, yana jero sunayensu kamar sunayen 'ya'yansa: hiliyom, niyon, agon da sauransu. Duk daɗewar ruwa a ƙasa suna nan yadda suka shiga. Wanda ya iya ƙirga su zai san yadda sanyin gari yake ranar da ruwan ya faɗo, hiliyom kuma yakan taru a hankali daga duwatsu, sai ya nuna tsufan ruwan. Da haka shi da abokan bincikensa suka ga cewa ruwan da ke can ƙasa sosai a yankin nan ba na damunar bara ba ne, ba na zamanin kakanninmu ba ne. Ya sauka ne shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da ƙasar nan ta fi yau sanyi, kuma damunar yanzu ba ta isa wurinsa balle ta ƙara shi.

Na taɓa binsa daji sau ɗaya a hutun makaranta, can arewa ta hanyar Gubio, kuma ban sake ba. Ba wahalar hanya ce ta hana ni ba, jinkirinsa ne. Akwai irin burtsatsen da aka haƙa tun da daɗewa a dazukan nan, waɗanda ruwa yake fitowa da kansa ba inji ba famfo, da ɗuminsa, dare da rana. Shanun makiyaya sun kewaye shi, mata suna wanki a gefe. Dakta ya haɗa tiyo a bakin burtsatsen, ya jona shi da wani siririn bututun jan ƙarfe da bai kai tsawon hannu ba, ya bar ruwa yana bi ta ciki. Sai ya tsuguna yana ƙwanƙwasa bututun da sufana, ƙwal, ƙwal, ƙwal, wai don kumfar da ta maƙale ta fita. Kumfa ɗaya kamar ƙwayar gero in ta shiga, aikin ya tashi a banza, domin iskar yau ta gauraya da ta da. Ya fi rabin awa yana wannan ƙwanƙwasa a tsakar rana, ni ina ƙarƙashin mota ina masifa. Da ya gamsu sai ya ɗauko wasu ƙarafa masu noti, ya matse bakin bututun nan da can har jan ƙarfen ya manne da juna. Ya rubuta lamba a jiki, ya rubuta a littafinsa. Na ce masa duk wannan wahala a kan ruwan da bai cika cokali uku ba. Ya ce e, kuma sai an kai shi ƙasar waje kafin a auna, domin na'urar ba mu da ita a nan.

A hanyarmu ta dawowa ne na fara ganin abin da yake cin ransa. Ruwan burtsatsen nan yana malala cikin yashi ba mai tarewa, har ya yi fadama. Ya ce tun yana ɗalibi ya san wurin, kuma a lokacin ruwan yakan yi tsalle ya fi tsayin mutum, ga shi yanzu da ƙyar yake kai gwiwa. Ya rubuta takardu ba adadi yana roƙon a sa wa irin waɗannan burtsatse abin rufewa. Ana yi masa godiya, ana ba shi kujera a gaba a wurin taro, shi ke nan. Shi mutum ne mai sanyin hali, ba ya ɗaga murya. Ni ce nake yin faɗan a madadinsa a gida, inda ba wanda zai ji sai shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo Maiduguri ta yau. Garin ya cika ya tumbatsa da mutanen da rikici ya koro daga ƙauyuka, kowa kuma ruwa zai sha. A layinmu kaɗai ban san gida nawa ne suka haƙa bohal ba, ga sola a kan kwano, ga tanki a sama. Rana tana fitowa injin ya kama aiki, tanki ya cika ya yi ta zuba a titi har la'asar, mai gida yana kasuwa. 'Yan ga-ruwa suna tura kura a cikin caɓin. In na wuce nakan buga ƙofa in yi magana, har yaran unguwa sun san ni, suna cewa ga Mama mai tanki nan. Amma a gaskiya ba ni da bakin yi wa kowa faɗa a kan ɓarnar ruwa. Da ambaliya ta ci garin nan, mu a Gomari Allah ya tsare, muka karɓi 'yan'uwan Hajja Falmata da suka gudo daga unguwar Abbaganaram da kayan jikinsu kawai. Mutane suna cewa ai ga ruwa nan har ya yi yawa, ina masu cewa zai ƙare. Na san amsar da Dakta zai ba su. Zai ce wannan na sama ne, na ƙasan bai san an yi ba. Zai faɗa a hankali yana murmushi, kuma ba wanda zai saurare shi.

Takardun bincikensa suna nan a kabad, da Turancin da ni kaina malamar makaranta sai in karanta layi uku in ajiye. Amma na san abin da masu fahimta suke faɗa. Ba yawan rubutu suke yaba masa ba, domin bai yi da yawa ba. Cewa suke in lamba ta fito daga hannun Bitrus ba sai an sake dubawa ba. Wannan shi ne duk abin da ya tara a duniya, kuma ya fi ƙaunarsa a kan gidan da muke ciki.

Zagayensa na ƙarshe ya yi shi ne daf da hanyoyin arewa su rufe. Ya koma burtsatsen da ya fara aunawa tun yana matashi, yana so ya ga abin da ya canja a tsawon rayuwar mutum ɗaya. Ya dawo da bututu ashirin da huɗu, ya jera su a akwatin katako a ɗakin karatunsa. Sai dai fitar da su ya gagara. A Maiduguri ta wancan lokaci wa zai karɓi bututun ƙarfe a toshe baki biyu ya sa a jirgi? Duk inda ya kai sai a ja da baya a ce ya tafi da kayansa. Ya ce ba komai, in ba a taɓa ƙarafan ba ruwan zai iya jira shekaru. Ana cikin haka wata safiya yana ɗaura takalmi ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Mutumin da yake tsayawa gaban ɗalibai awa biyu ya koma sai ya yi da gaske kafin kalma ɗaya ta fito.

Wanda bai zauna a garin nan a shekarun rikicin ba ba zai gane ba, kuma ba na roƙon a yi mini uzuri. An katse waya, an hana babur, ana bin unguwanni gida gida ana bincike. Wata uku bayan dawowarsa daga asibiti, Hajja Falmata ta shigo da hantsi ta ja ni kicin. Ta ce an fara bincike a layin bayanmu, kuma ta taɓa ganin akwatin nan a buɗe ranar da ta zo duba Dakta.

"Maman Rifkatu, ni na san ruwa ne," in ji ta. "Amma wanda zai shigo bai sani ba, Dakta kuma ba shi da bakin yi masa bayani."

Na shiga ɗakin na buɗe akwatin, na kalle su da idon baƙo. Bututan ƙarfe a toshe, da noti, da lambobi, a gidan mutumin da duk unguwa ta san yana harka da sinadarai. Na hango ana ɗaukarsa da sandarsa ana jefa shi a mota yana ta ƙoƙarin furta kalmar ruwa. 'Yarmu Rifkatu tana makaranta a wani gari, ba wanda zan yi shawara da shi. Fitar da akwati daga gida kuwa ya fi barinsa hatsari, domin akwai shinge a bakin layi.

Na jira ya yi barcin rana. Na ɗauko sufanarsa na zauna a ƙasa na kwance ƙarafan nan ɗaya bayan ɗaya. Wasu sai da na taka da ƙafa. Bututan na zuba su a bayan tsohon firijinmu da ya mutu a tsakar gida, don a ɗauka kayan cikinsa ne. Ƙarafan kuma na watsa su cikin tarkacen but ɗin motarsa. Ina yi ina lallashin kaina cewa ai bakin a manne yake, ruwa ko ɗigo bai zuba ba. Amma ni matar Dakta ce. Na ji shi ya faɗa wa ɗalibai sau ɗari cewa ƙarfen nan shi ne yake riƙe da mannewar, in aka sassauta shi ko na minti ɗaya ne ba mai iya rantsuwa cewa iska ba ta shiga ba. Ido ba zai gani ba. Na san abin da nake yi sarai.

Kwana tara suka yi a bayan firiji. Masu binciken kuwa ba su taɓa zuwa layinmu ba, a na bayanmu suka tsaya suka koma. Da ƙura ta lafa na kwaso bututan na goge su, na mayar da ƙarafan a kan shaidar da suka bari, na ɗaure iya ƙarfina, na jera su a akwati bisa lambobinsu. Wanda ya gani zai rantse ba a taɓa su ba. Na farkon tsoro ne ya sa ni, wannan na yarda. Na biyun kuwa, mayarwar nan, ba tsoron kowa ba ne, kunya ce da girman kai. Ni da nake dukan tebur a aji ina cewa yaro ya faɗi gaskiya ko da za a hukunta shi.

A kwanakin nan ya fara samun ƙarfin jan ƙafa. Kullum da safe sai ya dogara sanda ya shiga ɗakin karatunsa ya zauna har azahar. Ranar farko da na kai masa kunu can, ya nuna akwatin da haɓarsa, ya yi ta kokawa da harshensa har ya fitar da ita.

"Bututan?"

"Suna nan," na ce.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya gyaɗa kai. Na fita da sauri. Na ce wa kaina ai ban yi ƙarya ba, suna nan ɗin. Na kuma ce likita ya hana a tayar masa da hankali. Dalilai dai ba su taɓa ƙare mini ba. Daga ranar ɗakin nan ya zame mini wuta. Da can in yana aiki nakan shiga da littattafan yarana in zauna ina maki, yana nasa ina nawa, wani lokaci awa guda ba wanda ya yi magana. Yanzu kuwa sai in ajiye abinci in juya. Na yi masa komai, wanka, magani, tausa, ban gaza ba, matan coci har misali suke yi da ni. Zama da shi a ɗakin nan ne kawai na kasa. Wata huɗu muka yi a haka, sai ciwon ya sake bugunsa, wannan karon bai tashi ba.

Bayan makoki na kwashe littattafansa na daji na zuba a jaka ban buɗe ko ɗaya ba, na kulle ɗakin. Shekaru suka yi ta tafiya. Hajja Falmata kaɗai ta san wani abu, ita ma ba ta san na mayar da su ba, kuma ba ta taɓa tayar da zancen ba har ta koma ga Mahaliccinta, Allah ya jiƙanta. Rifkatu kuwa sai ta bi sawun ubanta ta karanta ilimin ƙasa. Na yi ta ba ta shawarar aikin jinya ko lauya, ta ɗauka kuɗi nake hango mata. A raina ina cewa wa zai sake tuna wasu bututa a akwati.

Watan jiya ta zo hutu da murnarta. Ta ce wani tsohon abokin binciken babanta a ƙasar waje, wanda yake daf da ajiye aiki, ya rubuto mata yana tambayar zagayen ƙarshen nan. Ya ce in bututan suna nan a rufe a aiko masa, zai auna su da hannunsa. Yanzu an samu hanyar aikawa. Ta ce mini yawancin wuraren nan ba mai iya zuwa har yau, wasu burtsatsen an ce sun daina fitar da ruwa gaba ɗaya, don haka abin da ke akwatin nan babu irinsa a ko'ina. Za a buga sakamakon da sunan Baba a gaba. Tana faɗa idonta yana ƙyalli.

Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Na san in na yi shiru abu ɗaya cikin biyu zai faru. Ko dai na'ura ta nuna iskar yau a ciki, a ce ashe Bitrus da ya tsufa hannunsa ya lalace, har a fara shakkar na baya. Ko kuma ɓarnar ta zo kaɗan yadda ba za a gane ba, a buga lambar ƙarya da sunansa, wasu su yi gini a kanta. Wannan ta biyun ita ta fi ba ni tsoro, domin ita ce ba zai taɓa yafewa ba. A ɗaya gefen kuma ga 'yata, wadda take ganin ba macen da ta kai uwarta riƙon amana.

Ranar Asabar da safe ta karɓi mukulli ta buɗe ɗakin, ta durƙusa gaban akwatin. Na tsaya a bakin ƙofa na faɗa mata duka, tun daga shigowar Hajja har zuwa amsar "suna nan" da na ba babanta. Ban yi kuka ba, ban kuma ƙawata ba. Da na gama ta ce, "Mama, da kin bar su a kwance ai da ya fi." Na ce na sani. Ta jawo jakar littattafan ta nemo na zagayen ƙarshe, wai za ta rubuta wa dattijon nan lambobin da aka yi asara. Ta buɗe, ta juya shafi biyu, sai na ga hannunta ya tsaya. Ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

Lambobi ashirin da huɗu ne a jere da kyakkyawan rubutunsa na da. An bi kowace ɗaya an soke ta da layi, layukan a karkace, irin na mai rubutu da hagu. A gefe ya rubuta da Turanci, da haruffa manya kamar na ɗan aji ɗaya, cewa an kwance an sake ɗaurewa, kada a auna. Ya sa kwanan wata, kwana biyu bayan na mayar da su. A can ƙasan shafin kuma akwai layi biyu da Hausarsa ta kasuwa:

"Saratu, kin mayar da ƙarafan a juye. Ba komai, shigo ki zauna."

Sai a lokacin na tuna. Sau nawa na kai masa abinci ya turo mini littafin nan a kan tebur da hannunsa mai lafiya, yana bubbuga bangon da yatsa. Ni na ɗauka so yake in karanto masa lambobin bututansa, abin da ba zan iya ba. Sai in ce bari in sauke tukunya, ko in ce an jima. Har da ranar da ya riƙe bakin zanena na zame na ce ana buga ƙofa. Na zauna a ƙasa gefen 'yata, muka yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Rifkatu ta rubuta wa dattijon ta gode masa, ta ce babu abin aunawa, ta haɗa masa da hoton shafin, ta rufe layi biyun ƙasa da hannunta. Ya amsa cewa bai yi mamaki ba. Abin da ruwan nan zai faɗa game da ƙasarmu ya tafi, ba zai dawo ba, kuma ni ce sila. Na auna abin ta kowace fuska. Da za a mayar da ni hantsin nan da shinge a bakin layi, ina jin zan sake kwance su, domin ban san masu bincike ba za su zo ba. Wannan zan iya ɗauka in tafi da shi gaban Ubangiji. Wata huɗun nan ne ba ni da abin cewa a kansu.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Dakta, ba burtsatsen da aka rufe don maganarsa zan nuna ba, domin ban san ko ɗaya ba. Takardunsa na baya suna nan ba tabo, ɗalibai suna dogara da su, 'yarsa tana koyar da su. Aikin bincike na ƙarshe da ya yi a duniya shi ne ya zauna shi kaɗai da hannun hagu ya soke abin da ya sha rana ya tara, layi ashirin da huɗu, don kada wani ya ruɗu bayan ransa. Ban san awa nawa ya ɗauke shi ba. Kuma da ya gama bai rubuta sunan wanda ya kwance ba a inda abokan aikinsa za su karanta.

Na roƙi Rifkatu biro in rubuta masa amsa a ƙarƙashin nasa. Ta hana ni. Ta ce dokar Baba ce, ba mai sa hannu a littafin daji sai wanda ya ɗebi ruwan. Gaskiyarta, shi ya sa na kawo amsar nan.

Baban Rifkatu, na ga saƙonka. Ni ce na kwance su, ni ce na mayar. Da ma na shigo na zauna.